Abin Da Na Gani Cikin Ɗigon Jinin Saniya

Sa'ad da aka ba mu hutun Kirsimati na 2023 na koma gida Fadan Kagoma ba da farin ciki sosai ba. Duk wanda ya fito daga wajenmu ya san abin da ya faru a daminar wannan shekara. Wata cuta ta faɗa wa citta tun daga Kachia har Kwoi da ƙasar Jama'a, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa. Mu kuwa citta ce kuɗin makarantarmu, ita ce tufarmu, ita ce kuɗin asibiti. Babana ya haƙa gonarsa, abin da ya samu bai kai irin da ya shuka ba. Sabo da haka begenmu duka ya koma kan shanu 4 da ya ke da su, waɗanda ke hannun wani Bafulatani a ruga bayan gari.

Bari in bayyana wa wanda bai san al'adarmu ba. Mu mutanen Gwong manoma ne, ba mu iya kiwon shanu ba. In mutum ya sami 'yan kuɗi a shekarar albarka, sai ya sayi karsana ya kai wa Bafulatanin da ya amince da shi. Shi ya sha nono, mai saniya ya sami 'ya'ya, da rani kuma garke ya kwana a gona ya bar taki. Wannan dattijo da ke riƙe da namu, ubansa abokin kakana ne. Tun ina yaro Baffa na ke ce masa, shi kuwa tun da na shiga kwaleji ya ke kirana Malam, ko da ya ke na san rabin kiran tsokana ce.

Kwana 2 da isowata sai ga shi da sassafe. Bayan gaisuwa ya ce wa Baba, “Abokina, farar saniyarka ba lafiya. Ta yi ɓari, tun daga nan kuwa sai ramewa ta ke yi. Ƙaramar ma ta fara. Sammore ne. Na yi musu allura sau 2, ba su tashi ba.”

Muka tafi muka gani. Kai, abin ba kyan gani! Saniyar nan da na bari da tozo tsaye, yanzu ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Gashinta ya tashi, idanunta na zubar da ruwa, gashin wutsiya ya soma zubewa, in garke ya tashi ita ce ta ƙarshe. Ita ce kuma wadda Baba ya yi niyyar sayarwa domin in koma makaranta, ƙanwata kuma ta biya kuɗin jarrabawa.

Da daren nan aka yi zama a gidanmu. Ƙanen Baba ya ce shi bai yarda ba. Ya ce me ya sa shanun Bafulatanin ke da ƙiba, namu ne kaɗai ciwo ya sani? Ya ce ko dai tatsar ta a ke yi fiye da kima, ko kuwa so a ke ta lalace a saye ta da araha. Ya ce a kwaso shanun tun da sauran numfashi, a kai wa mahauta. Kun san irin zaman da a ke yi a ƙasarmu a 'yan shekarun nan. Magana irin wannan ba ta tsayawa a kan saniya. In ta fita daga zaure, kafin ta kai kasuwa ta zama maganar kabila da kabila.

To, ga inda na yi abin kunya. Aka juyo gare ni, tun da ya ke ni ne mai karatu, aka ce in faɗi ra'ayina. Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara zama kamar ina gaban aji. Na ce in da sammore ne, ai da allura ta yi aiki, tun da ba ta yi ba, lalle tsutsar ciki ce da yunwa, watau rashin kula. Na kawo sunayen tsutsotsi da Turanci har 3. Kowa ya yi shiru, ƙanen Baba yana ta gyaɗa kai. Ni da ban taɓa kwana a ruga ba, na kā da shaidar mutumin da aka haifa a gindin saniya, da abin da na karanta a rabin shafi.

Baba bai ce kome ba sai can. Sa'an nan ya ce, “Na ji. Amma ba zan ɓata abotar da na gada a kan zato ba. A nemo wanda zai duba.” Akwai wani ɗan ikilisiyarmu da ya san wani likitan dabbobi a Kafanchan, wanda ya kan zaga rugage da kayan aikinsa. Aka aika masa, ya ce zai zo ran Alhamis, amma kada a saki shanu, yana son ya same su tun rana ba ta yi zafi ba.

Ya iso a kan babur, da akwati a ɗaure a baya da ɗan ƙaramin janareta. Ya shimfiɗa kayansa a kan tebur a ƙarƙashin mangwaro. Da fari bai taɓa allura ba. Ya buɗe bakin saniyar ya dubi dasashinta, ya ja fatar idonta, ya ce mini in duba. Wurin da ya kamata ya zama ja, fari ne fat. Ya shafa gaban kafaɗarta ya nuna mini kaluluwa ta kumbura. Ya tambayi Baffa inda su ke shan ruwa. Baffa ya nuna kurmin da ke gangare, inda rafi ba ya ƙafewa. Likita ya ce, “Alamun nan duka na sammore ne. Amma kuma na ciwon hanta ne, da na tsutsar ciki, da na cututtukan da kaska ke kawowa, da na yunwa. Duk suna shan jini, duk suna ramar da dabba. Ido ba ya iya raba su. Sai jini ya yi magana.”

Aka kama saniyar, ya huda jijiyar kunnenta, ya ɗiga jini a kan ɗan gilashi, ya rufe da wani mai kauri kamar ɓawon albasa, ya sa a ƙarƙashin madubin likita. Ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya ɗaga kai ya ce bai ga kome ba. Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni. Na dubi ƙanen Baba, ya dube ni. Baffa kuwa ya jingina da sandarsa, bai ce uffan ba.

Likita ya lura da mu. Ya ce, “Malam, kada ka yi saurin murna. Rashin gani ba shi ne babu ba.” Ya bayyana mana cewa ƙwayar wannan cuta ba kullum ta ke da yawa a jini ba. Ta kan yi yawa, jikin dabba ya yi yaƙi da ita har ta kusa ƙarewa, sai 'yan kaɗan da suka rage su sāke rigar da ke jikinsu, jiki ya kāsa gane su, su sāke yaɗuwa. Haka a ke ta yi, hawa da sauka, har dabbar ta gaji. Wannan sauya riga shi ne dalilin da ya sa har yau ba a sami allurar rigakafinta ba. A saniyar da ta daɗe da ciwo kuwa, ƙwayoyin su kan yi ƙaranci ƙwarai, har ɗigo guda ba zai nuna su ba.

Sai ya ɗebi jini daga jijiyar wuya cikin 'yar kwalba mai maganin hana daskarewa. Ya ɗauko wani tsinken gilashi mai rami, siririnsa kamar tsinken tsintsiya, ya cika shi da jinin, ya toshe gindinsa da wani abu kamar danƙo. Ya yi haka ga shanunmu 4 da waɗansu na Baffa. Ya jera tsinkayen cikin wani inji mai kama da faifai, aka tā da janareta, injin ya yi ta juyi da gudu har minti 5. Da ya fito da su sai na ga abin mamaki. Jinin ya rabu. Ja ya kwanta a ƙasa, ruwa mai kamar ruwan zuma ya hau sama, a tsakaninsu kuma ga wani farin zobe siriri.

Ya aza tsinken a kan ma'auni. Ya ce jan nan shi ne ƙwayoyin da ke ɗaukar iska mai rai zuwa ko'ina cikin jiki, a lafiyayyar saniya kuwa ya kan kama kashi 24 zuwa 46 cikin 100 na tsawon jinin. Na farar saniyarmu 18 ne. Na ƙaramar 21. Sa'an nan ya ce ƙwayoyin cutar ba su kai jajayen nan nauyi ba, sabo da haka in an juya jini su kan taru wuri ɗaya, daidai kan farin zoben. Watau abin da ya warwatsu cikin kasuwa an tara shi a rumfa guda. Ya karya tsinken daidai wurin, ya matse zoben a kan gilashi, ya sāke dubawa. Bai yi minti guda ba ya ce, “Malam, zo ka gani.”

Na sa ido. Da fari ban ga kome ba sai 'yan ƙwallaye birjik kamar an zubar da gero. Can sai na ga ɗaya daga cikinsu yana motsi, kamar ana ture shi. Na ƙura ido. Ga wani ɗan abu siriri kamar ɗan kifi, ya manna kansa a jikin ƙwallon yana ta murɗa jiki. Ga wani can. Ga na uku. Tsigar jikina ta tashi. Na sha zana wannan abu a littafina, na sha rubuta sunansa a jarrabawa har na ci maki, amma ashe ban taɓa gaskata cewa yana da rai ba sai ran nan.

Likita ya ce iri 3 ne su ka fi damun shanu a ƙasarmu, ana kuma iya fara gane su ta wurin tafiyarsu. Trypanosoma vivax ya kan ratsa fili da gudu kamar kibiya. Trypanosoma brucei ya kan yi ta rawa da ƙarfi amma ba ya nisa. Trypanosoma congolense kuwa gajere ne, mai nauyin jiki, ya kan liƙe wa jajayen ƙwayoyi. Namu wannan na ƙarshe ne. Domin ya tabbata, ya shafa jinin a wani gilashi ya shanya, ya ce zai rina shi da wani rini mai suna Giemsa in ya koma, ya dubi siffarsa sosai.

Aka kira Baffa ya duba. Ya rufe ido ɗaya da hannu, ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya ce, “Shekara nawa muna faɗa da kai, yau na ga fuskarka.” Kowa ya yi dariya, har ƙanen Baba. Ni dai dariyata ba ta kai ciki ba.

Amma labarin bai ƙare nan ba, gama shi ma Baffa ya sami nasa rabo. Aka duba jinin ƙaramar saniyar sau 2, ba a ga kome ba. Likita ya ɗebi kashinta ya tafi da shi, daga baya ya aiko cewa ya sami ƙwan tsutsar hanta a ciki da yawa, irin wadda shanu ke ɗauka a fadama inda ƙananan dodon koɗi su ke. Ashe allurar sammore 2 da aka yi mata asarar kuɗi ce kawai. Kuma cikin shanun Baffa masu ƙiba, waɗanda ƙanen Baba ya yi ta nuni da su, an sami 2 da ƙwayar cutar a jininsu, ba su dai kai ga faɗuwa ba tukuna. Tamu ta riga su ne domin tana da ciki, ciki kuwa ya kan rage wa dabba ƙarfin jure ciwo.

Saura tambayata, wadda na gina dukan hujjata a kanta: me ya hana allurar aiki? Likita ya ce a kawo takardar maganin. Irin garin nan ne mai ruwan ɗorawa da a ke kira diminazin, wanda makiyaya su ka fi sani da sunan Berenil, an kuwa fara aiki da shi tun 1955. Ya nuna mini rubutun da ke jiki: ƙunshi guda na dabba mai nauyin kilo 300 ne. Ya tambayi Baffa yadda ya yi. Baffa ya ce mai maganin da ya sayar masa a kasuwa ya gaya masa ƙunshi guda ya isa shanu 3, magani kuwa ya yi tsada. Likita ya zagaya ƙirjin saniyar da awo, ya ce ko a ramammiyarta ta kusa cinye ƙunshi guda ita kaɗai. Ya ce ƙaramin magani ya fi rashin magani haɗari, domin ya kan kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai, su kuwa su hayayyafa, har a wayi gari maganin ba ya jin su. Sabo da haka ya sauya mata wani, isometamidiyam, wanda a ke sayarwa da sunan Samorin, shi kuma ya kan tsare dabba har 'yan watanni. Ya gargaɗe su kada a sha nononta ko a yanka ta sai kwanakin da aka rubuta a takardar sun cika.

Nan na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Rubutun nan yana jikin takardar tun ran da aka saye ta. Baffa ya san cutar amma ba ya karanta Turanci. Ni ina karanta Turanci amma ban san cutar ba, ban kuwa tambayi takardar ba, na tsaya yanke hukunci. Da na yi tafiyar rabin awa zuwa ruga na ce, “Baffa, mu ga maganin,” da na yi amfani da karatuna inda ya ke da amfani.

Da na dawo kwaleji na shiga ɗakin karatu na bi tarihin abin. A 1895 wani likitan soja, David Bruce, yana aiki a ƙasar Zulu a Afirka ta Kudu, ya nuna cewa wannan ƙwaya ce ke kashe shanu, ƙudan tsando kuma shi ke ɗaukar ta daga namun daji ya kai musu. Da madubi da ɗigon jini ya yi aikinsa, kamar yadda aka fara yi a gindin mangwaronmu. Dabarar juya jini cikin tsinken gilashi wani masani mai suna Woo ya bayyana ta a 1970, Murray da abokan aikinsa kuma suka ƙara mata ta matse farin zoben a 1977. Yanzu akwai gwajin da ya fi waɗannan gani, wanda a ke kira PCR, mai gano ƙwayar ko da 'yar kaɗan ce, amma sai a babban ɗakin bincike, ba a kan babur ba.

Na kuma tarar ƙasarmu ta daɗe cikin wannan yaƙi. An kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom tun 1924. A 1947 aka kafa cibiyar binciken wannan cuta domin Afirka ta Yamma, da mazauninta a Kaduna da reshe a Vom, a 1964 kuma ta zama ta Nijeriya. 'Yar'uwar wannan ƙwaya ce ke kawo wa mutane ciwon barci, wanda ya yi ɓarna a ƙasar Zazzau har ya sa tun daga 1937 aka share bakin rafuka a wajen Anchau, aka tā da ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Amma irin da aka gani a jinin saniyarmu ba ya kama mutum.

Ƙudan tsando kansa abin mamaki ne. Namiji da mace duka jini su ke sha. Macen ba ta yin ƙwai kamar sauran ƙudaje, tsutsa guda ta ke haifa, wajen ko wane kwana 10. Irin da ke wajenmu yana son inuwa da laima, sabo da haka kurmin bakin rafi ne gidansa, can kuwa dole shanu su je da rani. Tun da ya ke ba ya haihuwa da yawa, tarkon ƙyalle mai shuɗi da baƙi, da maganin ƙwari da a ke zuba wa shanu a gadon baya, su kan rage shi ƙwarai in makiyaya sun haɗa kai. Ƙananan shanun kudu da a ke kira muturu suna jure cutar, amma fararen shanunmu, watau bunaji, ba su da wannan baiwa.

Ku kan so ku ji ƙarshen saniyar. Ta tashi, amma a hankali. Ba ta sayu a wannan hutu ba, gama ba mai sayen ƙashi da fata da kuɗin kirki. Ɗan marakin da ta zubar kuma ya tafi ke nan. Sai ɗan bijimin Baba aka sayar, tun bai kai lokacinsa ba, aka biya wa ƙanwata, ni kuwa na dawo da rabin kuɗi, na cika sauran bayan Ista. Kafin in taso na tafi ruga ni kaɗai. Na durƙusa na ce, “Baffa, na yi maka zato marar kyau, na kuma faɗe shi a gaban mutane. Ka yafe mini.” Ya ce, “Malam, ai na ji tun washegari. Yaro ne kai. Amma in ka dawo, ka koya wa jikokina karanta takardar magani.” Na ɗauki alkawari, na kuwa fara cika shi a dogon hutun 2024, da yara 5 a gindin mangwaron nan.

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba za a watsa mu makarantun ƙauye, inda za a riƙa kawo mana tambayoyin da ba su cikin manhaja, domin ana ganin mu ne masu sani. Ina roƙonku, in an tambaye ku abin da ba ku duba ba, ku ce a bari a duba. Haka kuma in yaro ya yi ta gyangyaɗi a aji, ko ya kāsa karatu, kada ku yi saurin kiransa rago kamar yadda na kira Baffa marar kula. Wataƙila yunwa ce, wataƙila zazzaɓi, wataƙila ba ya ganin allo. In kuwa kun tarar da madubin likita a kulle cikin kabad ana jin tsoron kada ya lalace, ku roƙi hedimasta ya ba ku mabuɗi, ku ɗebo ruwan kududdufi ku nuna wa yara, 'ya'yan manoma da 'ya'yan makiyaya tare. Ni sai da na wuce shekara 20 kafin in ga abin da na ke rubutawa a jarrabawa yana motsi. Kada mu bar ɗalibanmu su daɗe haka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyar kowa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.